Intakula ba lagireto ba ce: kurakuran masu motocin daji a Kano da yadda za a gyara su

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 har ya ɗara, da wuya ka shiga gareji ba ka ji ana maganar obahitin, wato inji ya yi zafi fiye da kima, ba. Masu Hilux da L200 da ke shiga gonakin shinkafa a Kura da Kadawa, da masu kwaso hatsi daga ƙauyuka zuwa Dawanau, da direbobin Land Cruiser da ke ratsa rairayin arewacin Jigawa da Yobe, kowa da irin kukansa. A 'yan shekarun nan sai ga wani magani ya shigo gari, wato babbar intakula ta alminiyam mai ƙyalli, wadda ake odarta daga Dubai ko Chana. Mai sayarwa zai rantse maka cewa da zarar an ɗaura ta zafi ya ƙare, ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ragu.

Tana aiki, wannan ba gardama. Sai dai ba aikin da yawancin masu saye ke zato take yi ba. Kuma a inda mai motar daji ya fi shan wahala, cikin rairayi ko taɓo ana tafiya kamar ana rarrafe, nan ne girmanta ya fi ƙarancin amfani.

Kafin komai, a buɗe bonet a duba ko motar tana da turbo ma. Abin kamar wasa, amma yawancin Hilux ɗin da ke yawo a Kano masu injin fetur ne na 2TR mai lita 2.7, ko injin gas na 5L, kuma dukansu ba su da turbo. Haka Land Cruiser mai injin 1HZ, da mai V6 na fetur 1GR. Motar da ba ta da turbo ba ta da abin da intakula za ta sanyaya. Masu intakula su ne irin su Hilux mai 1KD da mafi yawan masu 2KD, da sababbin da suka fara fitowa daga 2015 masu 1GD da 2GD, da Land Cruiser V8 ta gas mai 1VD, da yawancin L200 da Navara da Ranger na gas.

Babban kuskuren, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne zaton cewa intakula tana sanyaya ruwan inji. Iska take sanyayawa. Turbo yana matse iska ya tura ta cikin inji, kuma duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Idan mota na jan kaya a kan hawa, iskar da ke fitowa daga turbo takan wuce digiri 120, wani lokaci ta kai 150. Iska mai zafi ba ta da nauyi, oksijin ɗin da ke cikinta kaɗan ne, gas ba ya ƙonewa yadda ya kamata, hayaƙin salansa ya ƙara zafi. Shi ya sa aka sa intakula a tsakanin turbo da inji, don iskar waje ta ratsa haƙoranta ta kwashe wannan zafin. Ruwan inji kuwa hanyarsa daban, daga inji zuwa lagireto ya dawo. Allurar da ke tashi a gaban direba zafin ruwa take nunawa. Wanda allurarsa ke haurawa ya je ya sayo intakula, ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai alaƙa ta nesa, a faɗi gaskiya. Idan iskar da ke shiga ta yi sanyi, zafin ƙonewa yakan sauka kaɗan, ruwa ya ɗan sami sauƙi. Amma wannan ragin bai isa ya ceci lagireton da ya toshe ba.

Ga lissafi mai sauƙi da zai nuna iyakar abin da za a samu. Intakular da iska ke sanyayawa ba za ta taɓa saukar da zafi ƙasa da na iskar waje ba. A ce rana ce ta Afrilu, waje yana digiri 40, turbo yana fitar da iska mai digiri 140. Tazara ɗari ke nan. Idan ta kamfani tana kwashe kashi 70 cikin ɗari na wannan tazarar, iska za ta shiga inji da digiri 70. Idan sabuwar mai kyau ce har tana kwashe kashi 85, za ta shiga da digiri 55. An samu ragin digiri 15, wanda ke ƙara wa iskar nauyi da abin da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Ba abin rainawa ba ne ga motar da ke jan lodi na awanni, domin kwamfutar sababbin motocin gas takan rage mai da kanta idan ta ga iskar da ke shiga ta yi zafi da yawa, to intakula mai kyau na hana wannan mutuwar jikin da mota ke yi da rana tsaka. Amma wanda ke jiran motarsa ta koma wata mota daban, zai ji shiru.

To me ke kawo zafin ruwa a motocinmu? Sau da yawa abubuwan da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin intakula ba.

Na ɗaya a Kano shi ne cire tamostat. Da mota ta shigo daga Kwatano, abin da wasu kanikawa ke fara yi ke nan, wai an yi ta ne don ƙasar sanyi. Alhali a injina da yawa tamostat ba buɗe wa ruwa hanyar lagireto kaɗai yake yi ba, yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji idan yana da sanyi. Idan aka cire shi, wannan hanyar na nan a buɗe, sai wani kaso na ruwan ya riƙa kewayawa bai taɓa leƙa lagireto ba. Da safiyar hunturu kuma inji ya daɗe bai ɗumama ba, ringi da fistin suna cin juna. A mayar da shi, irin na motar. Na injinan gas na Toyota yakan fara buɗewa ne a wajen digiri 82.

Sai ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin siraran bututan lagireto, ga tsatsa. A wanke, a zuba kulant na gaske, wato ruwan da aka haɗa musamman don lagireto, ba ruwa mai kala da aka ɗura a jarka ba. Murfin lagireto ma kayan aiki ne, ba marufi kawai ba. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya riƙa zubewa ta tiyo. Sai kuma kulocin fanka. Fankar waɗannan motocin tana da wani mai na silikon a cikin kanta da ke sa ta kama da ƙarfi idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi. Idan man ya tsiyaye, fanka za ta riƙa juyawa a ido amma ba ta jan komai. Alamar lafiyayya ita ce ka ji ta yi ruri idan inji ya yi zafi ka taka totur. Akwai kuma robar nan mai zagaye da ke kewaye fanka, wadda ake yawan karyawa wajen aiki a jefar da ita bayan gareji. Idan babu ita, fanka na jan iska daga gefe ne maimakon ta cikin lagireto.

Amma abin da ya fi komai yawa a wurinmu shi ne toshewa daga waje, kuma ba a ganinsa sai an kwance. A gaban mota abubuwa jere suke, intakula idan ta gaba ce, kwandensar esi, sannan lagireto. Tsakaninsu akwai ɗan rata da bai wuce shigar yatsu biyu ba. Duk ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ƙaiƙayin sussuka, da 'ya'yan ciyawa da ƙarangiya, da fukafukan fara, a nan suke taruwa. Damina ta zo, ruwan taɓo ya fantsama ya jiƙa su, rana ta busar. In ka tsaya kan bakanike mai haƙuri yana raba su, za ka ga ya sa yatsa ya ɓamɓaro wani abu mai launin toka da ya rufe rabin fuskar lagireto, ya ɗaga shi sama gaba ɗayansa bai wargaje ba. Mai mota ya ce, "Oga, ai jiya-jiya aka wanke ta." Bakanike ya ce, "An wanke fuskarta, Alhaji, ba a wanke cikinta ba." Sai ya kunna tocila ta bayan lagireto ya ce a leƙa ta gaba. Inda haske bai fito ba, iska ma ba ta wucewa.

Wankin ma akwai yadda ake yinsa. Yaran wankin mota kan saita bakin injin feshi kai tsaye a kan haƙoran, ƙarfin ruwan ya kwantar da su, su rufe hanyar da ake son buɗewa. A jiƙa tukuna ya yi laushi, sannan a bi da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, yadda dattin zai koma ta inda ya shigo. Haƙoran da suka lanƙwashe a miƙe su a hankali da siririn abu. Motar da ke shiga gona tana buƙatar wannan bayan kaka, da kuma kafin bazara.

Sai an gama duk waɗannan ne maganar intakula ke da ma'ana. Nan ma akwai tarko.

Mai shayi ba ya neman babban kofi don shayi ya huce, ɗaga shi yake yana juyewa daga wannan kofin zuwa wancan iska na ratsa shi. Haka intakula take, iskar da ke ratsa ta ce ke aikin. A kan hanyar Zariya mota na gudun kilomita 100 a awa, iska na dukan gabanta da ƙarfi, kowace intakula na samun rabonta. A cikin rairayi kuwa, ana tafiyar kilomita 10 ko 15 a awa da ogzileri, wato giyar ƙarfi ta taya huɗu, inji na kuka, turbo na matsa iska iya ƙarfinsa, amma iskar waje kusan babu. Zafi mafi yawa, iska mafi ƙaranci. Babbar intakula mai nauyi za ta ɗan jinkirta, domin ƙarfenta na shanye zafi na wasu mintuna. Da ta ƙoshi shi ke nan, ta zama ɗaya da ƙaramar, kuma ta fi ta daɗewa kafin ta huce.

Abin ya fi muni ga intakular da ke kwance a kan inji, irin ta Hilux ɗin 2005 zuwa 2015 mai hanci a kan bonet, da Land Cruiser 79 mai V8. An ɗora ta can sama ne da dalili, tiyonta gajere ne, kuma ta yi nesa da dutse da taɓo da kututture. Illarta ita ce idan mota ba ta gudu, zafin inji na tasowa daga ƙasa ya gasa ta. Wanda ya daɗe a cunkoson Kurna ko na Ƙofar Ruwa da rana ya buɗe bonet ya taɓa ta, zai janye hannu da sauri. Kuskuren da ake yi shi ne a sayo mai kauri a ɗora a wurin, a bar komai yadda yake. Abin da ya fi amfani, kuma ya fi araha, shi ne ƙaramar fankar lantarki a ƙarƙashinta da za ta riƙa jan iska daga hancin bonet zuwa ƙasa, a haɗa ta da rile da fiyus, ba a murɗa waya a kan batir kai tsaye ba. A kuma duba robar da ke manne hancin bonet da saman intakula. Idan ta yage ko ta faɗi, iskar da ta shigo ta hanci za ta zille ta gefe. Akwai masu canza bonet bayan haɗari su sa na motar fetur marar hanci saboda shi suka samu a kasuwa, sun rufe intakula ruf ke nan ba su sani ba.

Wasu kuma su ce a dawo da ita gaba. A kan kwalta wannan na saukar da zafin iska sosai. Amma a tuna zafin da ta kwashe ba ɓacewa yake yi ba, baya yake wucewa, kuma lagireto ne a bayan. An ƙara masa labule mai kauri, an kuma ba shi iskar da ta riga ta ɗumama. Motar da ke kan iyaka dama, sai a ga bayan an ɗaura sabuwar intakula allura ta fara hawa a wuraren da da ba ta hawa, esi ma ya rage sanyi a cunkoso. Mai mota ya koma yana zargin bakanike, alhali tsarin ne. Wanda zai yi wannan sauyin ya tabbatar lagiretonsa da fankarsa garau suke, ya zaɓi mai faɗi maimakon mai kauri. Kashin gaba na kaurin ne ke yin mafi yawan aikin, na baya yana samun iskar da ta riga ta yi zafi, amma toshe hanya dai duk suna yi. Kar kuma ta sauko ƙasa da bamba. A hanyar gona abin da ya leƙo ƙasa rabon dutse ne.

Na sha ganin mota an ƙawata gabanta da katon bamba na ƙarfe, da winci, da manyan fitilu huɗu, da lamba a tsakiya, har da raga mai ƙananan ido don tare ƙwari, sannan mai ita na tambayar wace intakula ce ta fi sanyi. Ya fara da mayar da fitilun gefe ko sama, ya sauke lambar daga gaban iska, ya canza ragar zuwa mai manyan ido. Bamban da mai walda ya ƙera a yanka masa ƙofofin iska daidai da na asali.

Game da girma, akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Duk faɗin cikin intakula da tsawon bututanta, sai turbo ya cika su da iska kafin ƙarfi ya iso inji. Idan ta yi wa injin yawa, za ka taka totur ka ji ɗan jinkiri kafin mota ta amsa. A kan titi ba komai ba ne, amma a rairayi wannan ɗan jinkirin ne ke sa mota ta zauna. Ta ɗaya ɓangaren kuma, intakula marar kyau na shaƙe iska, turbo ya ƙara wahala don ya kai matsin da kwamfuta ke nema, iskar da yake fitarwa ta ƙara zafi, a dawo gidan jiya.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai siraran bututai irin ta kamfani, marar nauyi, iska na ratsa ta cikin sauƙi, tana saurin hucewa. Akwai mai faranti-faranti da aka jera aka haɗe, mai nauyi da ƙarfi, tana jure tsakuwa da matsi mai yawa, sai dai ta fi tare iska. Ba wadda ta fi wata a ko'ina. Abin dubawa yana ciki. Ka haska tocila ta bakin da tiyo ke shiga, ka leƙa cikin bututan. Mai kyau za ka ga ƙananan haƙora cunkushe a ciki, su ne ke karɓar zafi daga iska su miƙa wa bango. Mai arha za ka ga bututan kusan fayau, ko haƙora jefi-jefi. Irin wannan iska na wucewa ta fita da zafinta, komai ƙyallin bayanta. Ta kamfani 'yar Beljiyam da ba ta yoyo ta fi ta nesa ba kusa ba.

Wajen ɗaurawa ake yin ɓarnar da ta fi yawa. Ana ɗaure intakula ƙam da jikin mota ba roba a tsakani, ga hanyoyinmu masu gargada, cikin 'yan watanni waldar gefe ta tsage. Ana yanka bututun ƙarfe a sa tiyo ba a yi masa ɗan tudun nan na baki da ke riƙe tiyon ba, ranar da aka taka mota a hawa sai a ji fam, tiyo ya fice, mota ta mutu murus tana baƙin hayaƙi. Ana amfani da tiyon ruwa a maimakon na iskar turbo, mai ya jiƙa shi ya kumbura. Ana ɗaurewa da siririn kilif, ko ma waya. Ana barin bututu na gogar ƙarfe har ya huje. Sannan ana barin rata a gefen intakula, iska kuwa hanya mai sauƙi take bi, sai ta kewaye ta wuce. A cike ratar da soso mai jure zafi ko roba. Idan akwai sensa a jikin tsohuwar, lallai sabuwar ta zo da mazauninta, kar a bar ta tana lilo a waje. Kafin a haɗa tiyo na ƙarshe a leƙa a tabbata ba a manta tsumma ko ɓarɓashin alminiyam a ciki ba, domin daga nan inji ya nufa.

Bayan an gama, a gwada yoyo. Ana toshe bakin biyu, a hura iska daidai gwargwadon matsin da turbo ke bayarwa, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga inda zai yi kumfa. Wannan gwajin ya kamata a yi wa tsohuwar ma tun kafin a yanke mata hukunci. Motoci da yawa da ake cewa intakularsu ta yi ƙanƙanta, yoyo kawai take yi, musamman masu kan roba da aka matse da alminiyam. Alamunsa su ne huci idan an taka totur, baƙin hayaƙi, rashin ƙarfi, da danshin mai da ƙura ta manne a kai a wata kusurwa.

Maganar mai a cikin intakula na tayar wa mutane da hankali fiye da kima. Ɗan danshi ba komai ba ne, tururin baƙin mai ne da ke fitowa daga numfashin inji ya bi ta turbo. Amma idan aka karkata ta mai ya zubo kamar daga gwangwani, a binciki turbo da filtar iska da numfashin inji. Sabuwar intakula ba ta maganin wannan, ita ma cika za ta yi. Kuma a injin gas abin na da haɗari, domin inji na iya zuƙar man ya riƙa ƙona shi, ya yi ta ƙara gudu ko an zare makulli. Duk motar da turbonta ya fashe, kar a ɗaura sabo sai an sauke intakula an wanke ta tas ta bushe, ko a canza ta in akwai gutsattsarin ƙarfe a ciki.

Wani kuskuren mai tsada shi ne ɗaukar intakula a matsayin lasisin ƙara mai. An ɗaura babba, sai a je a taɓa kwamfuta ko a buɗe famfon gas, a ce ai yanzu akwai sanyi. A injin gas ƙarin mai ƙarin zafi ne a kan fistin, kuma allurar ruwa ba za ta nuna maka ba sai aikin gama ya gama. Abin da ke nunawa shi ne ma'aunin zafin hayaƙi, wanda ake dasa sensarsa kafin turbo. Masu aikin injin gas da yawa ba sa son ya zauna sama da digiri 700 na tsawon lokaci. Idan bayan turbo aka dasa ta, lambar da za ta nuna ta yi ƙasa da ta gaskiya sosai, kar a ruɗu. Wannan ya fi shafar masu ɗaura wa 1HZ turbo. Inji ne mai juriya, amma ba a ƙera fistin ɗinsa da kan injin don turbo ba, idan aka cika masa mai tsagewa yake yi.

Feshin ruwa a kan intakula, wanda wasu ke haɗawa da famfon wankin gilashi, yana sanyayawa ƙwarai a busasshiyar iskar rani. Sai dai ruwa da ƙurarmu laka suke haifarwa, ruwan burtsatse kuma ya bar farin gishiri a haƙora. Ni ban ga ribarsa ga motar aiki ba. Intakular da ruwa ke sanyayawa, mai famfonta da ƙaramin lagiretonta daban, ta fi dacewa da tafiyar rarrafe, amma ta ƙara yawan abin da zai iya lalacewa a inda ba riwaya kusa.

Duk wannan gardamar ana iya kashe ta da awo, kuma shi ne abin da kusan ba wanda ke yi. Allurar gaban mota an tsara ta ne ta zauna a tsakiya a kan zafi mai faɗi, ba ta motsi sai abu ya yi nisa. Ƙaramar na'urar sikana da ake cusawa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya tana nuna zafin ruwa da na iska a lamba. A lura dai, wasu motocin sensar iska biyu gare su, ɗaya kusa da filta kafin turbo, ɗaya bayan intakula. Ta biyun ake nema. A zaɓi hanya ɗaya, lodi ɗaya, lokaci ɗaya na rana, misali bayan azahar, a rubuta zafin waje, da na iskar da ke shiga, da na ruwa, a kan gudu da kuma a tafiyar hankali. A wanke a gyara abubuwan da aka ambata, a sake awo. In an ɗaura sabuwa a sake. Gwajin da aka yi wa tsohuwa a Afrilu da rana, aka yi wa sabuwa a Agusta bayan ruwan sama, yaudarar kai ne.

Tuƙi ma na da kaso mai yawa. Mai faci yakan cika wa taya iska kamar za a ɗauki siminti, a shiga rairayi da ita haka, taya na haƙa rami inji na wahala. A rage ta zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin PSI kafin a shiga, a mayar idan an hau kwalta. A sa ogzileri da wuri maimakon a riƙa tilasta babbar giya. Ga mota mai giyar otomatik wannan ya fi muhimmanci, domin man giya na yin zafi sosai idan tana zamewa, kuma a motoci da yawa cikin lagireto yake zuwa ya sauke zafinsa. Irin wannan motar ƙarin na'urar sanyaya man giya ta fi mata amfani a kan intakula. Idan allura ta tashi, a kashe esi, a juya gaban mota ya fuskanci iska, a bar inji na aiki a hankali har ta sauka, in dai ba ruwa ne ya zube ba. Kar a buɗe murfin lagireto da zafi, kar a kwara wa kan inji ruwan sanyi. Bayan doguwar wahala a ba turbo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe.

Wanda babbar intakula za ta yi wa rana shi ne mai jan tirela ko lodi mai nauyi a doguwar hanya cikin bazara, da wanda aka ƙara wa motarsa matsin turbo da sani da ma'auni, da wanda tasa ta fashe ya ga gara ya sa ta alminiyam zalla a huta da kan roba. Shi ma ya nemi wadda aka ƙera wa samfurin motarsa, ba wadda za a yi ta yanke-yanke kafin ta zauna ba. In an ɗaura, ya ajiye tsohuwar da tiyoyinta kar ya bar wa 'yan gwangwan, ya kuma sa tiyo ɗaya da kilif biyu na sabuwar a cikin akwatin kayan aiki, domin girmansu ba irin wanda ake samu a shagon ƙauye ba ne. Bayan mako guda da ɗaurawa a sake bin kilif ɗin duka a ƙara matsewa, sabon tiyo yakan saki idan ya sha zafi.